BANGON MARAYU: NASIHA A KAN GYARAN MAKARANTUN KWANA A ƘASAR KURFAI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Filinge da ƙauyukan Kurfai, nasiharmu ta wannan karo a kan ɗakunan da ɗiyan mutane ke kwana cikinsu ne saboda neman ilimi. Idan muka ce makarantar kwana, kada wani ya ɗauka ginin gwamnati kaɗai muke nufi, ya ce wannan ba ruwansa. Muna nufin ginin gwamnati, muna nufin madarasa mai makwancin ɗalibai, muna nufin zauren malam inda almajirai ke shimfiɗa buzu da tabarma bayan an kashe wutar karatu, muna kuma nufin ɗakin nan na ƙofar gida da aka ba yaran ƙauye aro don su samu shiga kwaleji a gari. Duk wurin da yaro ya rufe ido da dare, uwarsa da ubansa suna wani gari, hukuncinsa ɗaya ne a wurin Allah, wato amana ce a wuyan mutanen da ke kewaye da shi.

Kuma kowa ya ga yadda wannan amana ta ƙaru a kanmu. Tun shekarar 2017 da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, har da Abala da ke arewa da mu, rashin kwanciyar hankali ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar. Yaran da iyayensu ba su yarda karatunsu ya yanke ba, sai suka gangaro manyan garuruwa. Ɗakin da aka gina don mutum goma, yau za ka tarar da fiye da haka a ciki, kuma rufin da ke kansu shi ne dai na jiya, ba wanda ya hau ya duba shi.

Mu fara da ƙissar da kowane almajiri ya karanta a Suratul Kahfi, wadda da yawanmu muke bi ta kanta kowace Juma'a. Annabi Musa (A.S.) da bawan Allah Halliru sun isa wani gari suna jin yunwa, suka nemi mutanen garin su saukar da su, aka hana su. Suna cikin garin sai suka ga wani bango ya karkata, saura kaɗan ya faɗi. Halliru ya tsaya ya tayar da shi. Annabi Musa ya yi mamaki, ya nuna masa cewa ai ko ladan aiki ya kamata ya karɓa daga mutanen da suka hana su abinci. Sai daga baya aka bayyana masa asirin: bangon na wasu yara biyu ne marayu, akwai dukiyarsu binne a ƙarƙashinsa, kuma ubansu mutumin kirki ne. Da bangon ya faɗi, da dukiyar ta fito fili tun yaran ba su kai ga kare ta ba.

Ku dubi wannan aiki da kyau, jama'a. Halliru bai gina sabon gida ba, tsohon bango ya gyara. Bai jira ya faɗi ba, yana karkace ya tarye shi. Ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya gode masa, su kansu marayun ba su san an yi musu komai ba. Mutanen garin kuwa kullum suna wucewa ta gindin wannan bango, sun gan shi sarai, kowa yana cewa a ransa ba nawa ba ne. Amma Allah Maɗaukakin Sarki Ya zaɓi wannan ɗan aikin yaɓe Ya sanya shi cikin Littafinsa, ana karanta shi har tashin ƙiyama. To, mu fa? Mu mutane ne masu son ranar aza tubalin farko da ranar buɗe gini. Ranar nan akwai kujeru, akwai lasifika, akwai manyan baƙi daga Yamai, ana faɗin sunan wanda ya ba da tan kaza na siminti. Amma ranar da za a nemi wanda zai maye gurbin ƙusa goma da iska ta cire daga rufin, sai a nemi mutum a rasa, domin ƙusa ba ta da ranar buki kuma ba a rubuta sunan kowa a kanta. Duk wanda yake so ya auna ikhlasinsa, ga ma'auni nan.

Makarantar kwana ta farko a Musulunci ita ce Suffa, wani ɓangare na masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina da aka yi wa rufi, inda baƙi da matalautan sahabbai waɗanda ba su da gida ko dangi suke kwana suna koyon Alƙur'ani. Abu Huraira (R.A.), wanda hadisansa suka cika littattafanmu, ɗan wannan makaranta ne. Ba a bar su ga Allah kawai aka juya baya ba. Mutanen Madina kan rataye cumbun dabino a masallaci don su ci, kuma da dare akan rarraba su gidajen sahabbai don cin abinci. Masallacin kansa da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har ya kan yi yoyo idan an yi ruwa. Da jama'a suka yi yawa, Sayyadina Umar (R.A.) ya faɗaɗa shi a shekara ta 17 bayan Hijira. Sayyadina Usman (R.A.) kuma a shekara ta 29 ya sake gina shi da sassaƙaƙƙen dutse, ya yi masa rufin katako mai ƙwari. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce tun da haka muka tarar da shi, haka za mu bar shi. Kuma kun san labarin matar nan da ke sharar masallacin, wadda ta rasu aka binne ta ba a gaya wa Manzon Allah ba. Da ya daina ganinta ya tambaya, aka faɗa masa, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Wannan shi ne matsayin mai tsintsiya a wurin Fiyayyen halitta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi tsoratarwa, wato wuta. Ranar 13 ga watan Afrilu na shekarar 2021, gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, a azuzuwan zana da kara, yara wajen 20 suka ƙone, akasarinsu ƴan ƙanana ne ƙwarai. Shekarar ba ta ƙare ba, ranar 8 ga watan Nuwamba, irin wannan ta auku a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 suka rasu. Waɗannan duka da rana ne, malamai suna nan, mutanen unguwa idonsu biyu. To yaya ke nan idan da dare ne? Amsar ta zo daga Ƙauran Namoda a jihar Zamfara cikin watan Fabrairu na 2025, lokacin da wuta ta kama makwancin almajirai suna barci, aka fitar da gawa 17. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ba a fakewa da ƙaddara don a guje wa tambaya. A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare. Da labari ya kai gare shi, bai tsaya ga ta'aziyya ba, sai ya gargaɗi mutane cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umurce su da su kashe ta kafin su kwanta. Saboda haka malamin da ya bar garwashi kusa da danni ya tafi cikin gida, da mai kula da ɗakin kwana wanda ya garƙame ƙofa ɗaya tilo daga waje ya tafi da mabuɗi a aljihu wai don kada yara su fita yawon dare, da wanda ya ja wayar lantarki tsirara daga gidan maƙwabci ta bi ta cikin kara, duk sun saɓa wa umurni bayyananne. Ɗakin da yara da yawa ke kwana yana bukatar ƙofa biyu, masu buɗewa zuwa waje, kuma babba ya kwana a ciki ko a bakin ƙofa. A nisanta madafa da tarin itace da kara daga makwanci. A ajiye randa ko duro cike da ruwa da tulin rairayi kusa. Wanne ne cikin waɗannan ya fi ƙarfin unguwa?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a matsayin wa'azi kawai ba, sun sanya shi cikin hukunci. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an tabbatar da cewa mai bangon da ya karkata, idan an gargaɗe shi, ya kuma samu lokacin da zai iya gyarawa amma ya ƙi, to abin da bangon ya halaka yana wuyansa, zai biya. Ku lura, wannan a kan mai wucewa a hanya ne wanda ba a ɗora masa tsaronsa ba. Ina ga yaron da ubansa ya kama hannunsa ya damƙa maka, ya ce ga shi nan, na ba ka amana?

Kuma kada wani ya ce ƙasarmu ba ta ruwa ba ce. Gaskiya ne ruwan Kurfai kaɗan ne a shekara, amma idan ya zo, da iska da ƙarfi yake zuwa, ya sauko daga tudu ya bi ƙoramu zuwa cikin dallol. Daminar 2024 ta koya wa ƙasar nan baki ɗaya darasi: ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, tsohon masallacin Damagaram da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma waɗanda gidajensu suka rushe ne ke zaune a ciki. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ne ke toshewa da ganye da leda, ruwa ya kwanta a kan soro, ya sami ɗan tsagi ya shiga, ya jiƙa azara, gara ta biyo laima ta cinye ta daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Ko kuma ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango yana cin tushe shekara bayan shekara. Magina sun san wannan duka, kuma maganinsa mai araha ne idan an yi shi cikin bazara: a share indararo, a cike tsagi, a sake yaɓe, a tara ƙasa a gindin bango don ruwa ya gudu, a soki kowace azara da wuƙa a ji ko ta zama hoto. Mai rufin kwano ya hau ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya kafin guguwar farko. Mutanen Jenne a ƙasar Mali kowace shekara suke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa ginin ƙasa da aka yi a 1907 yake tsaye har yau. Mu ma mun gaji gayya daga kakanninmu. Me ya hana a yi gayyar yaɓen makwancin ɗalibai sau ɗaya a shekara, kafin a fita shuka?

Sai ruwan sha da makewayi, kuma a nan kunya ba ta da amfani. Allah Ya yi wa mazauna dallol ni'ima, ruwa na kusa a wurare da yawa. Amma kusancin nan shi ne kuma haɗarinsa, domin ramin masai da aka haƙa dab da rijiya, ƙazantarsa na bin rairayi ta isa ruwan. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 ko fiye tsakaninsu, kuma masai ya kasance ta gangare. Mukan koya wa yaro babin tsarki da safe, ya haddace sharuɗɗan ruwan alwala, sa'an nan da yamma ya ɗauki buta ya nufi bayan gari domin makarantar ba ta da makewayi, ko tana da shi ya cika shekara biyu ba a kwashe ba. Wane darasi ne zai zauna masa, na allo ko na ido? Fanfon da ya lalace saboda ɗan ƙarfe guda, a bar shi wata shida yara suna yini a layin ruwa maimakon aji, wannan ma zalunci ne ko da ba a ga mai sanda ba. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, aka yi masa bushara da Aljanna. Wanda ya tayar da mataccen fanfo na makaranta, muna kyautata zaton ya bi sawunsa.

Haka nan iska. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke yi wa ɓarna da zafin rani. A watan Afrilu na 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki saboda ita. Cunkoso a ɗaki marar taga shi ne abin da wannan cuta ke so. Fasa taga biyu masu fuskantar juna aikin yini ɗaya ne ga magini.

Filin makaranta kuwa, kowa ya san wurin da ba shi da shinge hanyar jakai ne da babura, da kuma waɗanda ba a son su kusanci yara. Idan katanga ta fi ƙarfi, a fara da shingen ƙaya da aguwa, a dasa bedi a jere ta gabas inda iska ke bugowa, a bar gawo da aduwa da suka fito da kansu su girma. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun 1975 manoma suka fara dasa layukan bedi don kare gonaki daga iska, aka kuwa ga amfaninsu. A ba kowane ɗalibi itace ɗaya, sauran ruwan alwalarsa ya ishe shi. Mu makiyaya ne, ga gidan kiwon Tukunus nan kusa da mu wanda sunansa ya kai ƙasashe saboda shanun Azawak. Babu makiyayin da ke kwanciya bai zaga garkensa ya ga inda shinge ya ɓalle ba. Bai kamata ɗan maraƙi ya fi ɗan mutum samun wannan zagaye ba.

Akwai kuma ƴan mata. Iyaye da yawa a ƙauye suna janye ɗiyarsu daga karatu da zarar ta gama firamare, ba don ƙin ilimi ba, sai don ba su san inda za ta kwana a gari ba, kuma suna da gaskiya su damu. Wannan ne ya sa gwamnati a 2021 ta soma shirin gina makarantun kwana na ƴan mata, aka fara da irin ta garin Kelle a jihar Damagaram. Amma uba ba ya duba fentin ranar buɗewa. Abin da yake tambaya shi ne, ƙofa na kulluwa? Makewayi na da marfi da katanga? Akwai fitila a tsakar gida? Akwai dattijuwa mai tsoron Allah da ke kwana tare da su? Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace aka bar shi, ranar ce zai zo da amalanke ya ɗauke ɗiyarsa, kuma ba mai iya ganin laifinsa.

To, ina kuɗi? Wannan ita ce tambayar da ke kashe kowane taro. Musulunci ya amsa ta tun da daɗewa da hubusi, wanda ake kira waƙafi. Sayyadina Umar ya samu gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar kamarta ba, Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. A kan wannan tushe manyan makarantun Musulmi irin su Azhar ta Misira da Ƙarawiyyin ta Fas suka rayu fiye da shekara 1000. Mutanen Kanem, maƙwabtanmu na gabas, a cikin ƙarni na 13 sun ba da kuɗi aka gina musu madarasar Ibnu Rashiƙ a Misira inda mutanensu ke sauka, kuma ba su tsaya nan ba, suka riƙa aika mata kuɗi kusan kowace shekara. Ga kuma wani hukunci na malamanmu da ya kamata kowane kwamitin makaranta ya sani: abin da hubusi ya samar, da gyaransa ake farawa kafin a raba wa kowa, har ma idan mai hubusin ya shar'anta cewa kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi nasa. Sun fahimci cewa idan asali ya rushe, sadaka ta yanke.

Saboda haka duk mai niyyar gina makwancin ɗalibai, ya haɗa shi da abin da zai riƙe shi, ko shago a kasuwa, ko fadama, ko ƴan shanu. Gara ɗaki uku da shago ɗaya da ɗaki biyar babu komai. Ƴan'uwanmu da ke bida a Kwatano da Lome da Akara da Abijan, masu aiko da kuɗin gina masallaci na huɗu a unguwar da na ukun bai cika sahu biyu ba, a taimaka a gaya musu akwai wata ƙofar lada a buɗe. Talakawa kuma kada su raina nasu. Mu yi lissafi: idan magidanta 200 suka ba da dala ashirin ashirin kowace Juma'a, jika 20 ke nan a mako, a shekara kuwa ya haura miliyan ɗaya na sefa. Kuɗin goro ne, amma zai sayi ƙusa da siminti da ƙofa, ya biya magini, ya kwashe masai.

Sai dai kuɗin jama'a yana son hannu mai tsabta. Lokacin da Ƙuraishawa suka tashi sake gina Ka'aba, Manzon Allah yana ɗan shekara 35, tun ba a aiko shi ba, sun yi alkawarin ba za su sa kuɗin riba ko na zalunci ko na alfasha a ciki ba. Da halal ɗin ya gaza, suka rage ginin suka bar Hijiru Isma'ila a waje, ba su cike da haram ba. Mushirikai ke nan. Kuma bayan yaƙin Haibara, wani mai yi wa Manzon Allah hidima kibiya ta same shi ya mutu, mutane suna yi masa murnar shahada, sai Manzon Allah ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya. To ɗan kwangilar da ya rage siminti a cikin kwaɓi, da wanda ya kai katifun ɗalibai gidansa, da wanda ya kwance faifan hasken rana daga kan rufin makaranta ya kai kasuwa yana cewa ai kayan gwamnati ba na kowa ba ne, su sani kayan na kowa da kowa ne, kuma kowa da kowa za su tsaya su nemi haƙƙinsu ranar da babu sefa. Wanda ya saya alhali ya sani, shi ma abokin tarayya ne. A riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, mutum uku su sa hannu, a karanta wa jama'a a ƙofar masallaci kowane wata uku. Mai gaskiya ba ya jin haushin lissafi.

Ku kuma ɗalibai, da ku ake. Wanda ya karya ƙofa, ko ya bar fanfo na zuba, ko ya fasa gilashin taga da wasa, ya ci haƙƙin ƙanensa da zai zo baɗi.

Abin da muke roƙon limamai shi ne, Juma'ar da wannan takarda ta iso gare ku, bayan an sallame, liman ya ɗauki mai unguwa, da magini ɗaya, da ma'aikacin lafiya idan akwai, da wakilin kwamitin makaranta, da dattijuwa biyu saboda ɓangaren mata, su taka da ƙafarsu zuwa kowane wurin da ɗalibai ke kwana a unguwarsu. Su nemi izinin mai wurin da ladabi, domin ba tonon asiri aka zo yi ba, kuma malamai da yawa sun daɗe suna ɗauke da wannan nauyi su kaɗai. Su shiga ciki, su ɗaga kai su dubi rufi, su ƙidaya tabarmi, su buɗe ƙofa su rufe, su leƙa makewayi, su auna taku nawa ne tsakaninsa da rijiya. A rubuta abin da aka gani, a fara da wanda zai iya kashe rai, a sa ranar gayya kafin hadarin farko ya taso.

Allah Ya tsare mana ɗiyanmu inda muke gani da inda ba mu gani, Ya maido da zaman lafiya a ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.